Kafin Ka Dangwala Yatsa, Dubi Kalmar Da Ke Bin "I"

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya na gamu da wani dattijo mutumin garinmu a tashar mota a Kaduna, ya komo daga Ikko inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadi. Muna cikin taɗi sai ya ba ni labarin abin da ya sa ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida. Ɓarayi ne suka fasa wani kanti kusa da gidan da yake gadi da tsakad dare. Da gari ya waye aka kira shi caji ofis don ya faɗi abin da ya sani. Ya ce da Hausa, "Ina tsammani yaron makanikin nan ne, gama tafiyarsu iri ɗaya ce." Wani ya yi masa tafinta, mai rubutu ya rubuta, shi kuwa ya dangwala yatsa. Sai ran da aka shiga kotu ya ji an karanta, "I saw that it was the mechanic's boy", watau wai ya gan shi da idonsa. Yaro ya yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito, lauya ya mai da dattijo maƙaryaci a bainar jama'a, mutanen unguwa kuma suka daina amsa gaisuwarsa.

To, jama'a, kalma ɗaya tak ta jawo wannan ɓarna: "I think" ta koma "I saw". Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, da 'yan shanun Agege, da 'yan goron Shagamu, da mutanen Sabo a Badun, da duk wanda neman abinci ya kai shi inda Turanci ne harshen ofis da asibiti da kotu.

YADDA AKE ƘULLA MAGANAR

A Turanci mai magana yakan fara da "I", watau "ni", sa'an nan ya kawo wata 'yar kalma ta aiki, kana ainihin labarin ya biyo baya. Wannan 'yar kalma ita ce ke nuna iyakar yadda mutum ya tsaya wa maganarsa. Mu ma haka muke yi, "na san ya tafi" daban, "ina jin ya tafi" daban, "na ji an ce ya tafi" daban.

Tsakanin kalmar da labarin akan sa "that", wadda ta yi daidai da "cewa" tamu. A hira akan yar da ita, a ce "I think he has gone". A takardar ofis kuwa an fi barinta, "I believe that he has gone". Wanda ya iya Buroka ya riga ya san wannan gini, domin a can "say" ce ke wannan aiki: "I think say", "I hear say", "I know say".

Kalmomin kuwa hawa-hawa ne kamar matakala. A can sama akwai "I saw" da "I know", mai faɗinsu ya ɗauki nauyin maganar gaba ɗaya. Ƙasa da su akwai "I believe", na gaskata amma ban gani ba. Sai "I think", ina tsammani. Sai "I suppose" da "I guess", waɗanda kusan kintace ne. A can ƙasa akwai "I hear" da "I am told", jita-jita ke nan, nauyin yana kan wani. In kuma aka ce maka "I don't think he will come", kada ka zaci ba a yi tunani ba ne, nufinsa shi ne ina jin ba zai zo ba.

MASU FUSKA BIYU

Akwai waɗansu da ke ruɗin baƙo ƙwarai. In akawu ya ce maka "I am afraid the manager is out", ba tsoro yake ji ba, lallashi ne kafin ya ba ka labari marar daɗi. In ka ji "I am afraid", shirya jin a'a. Haka nan wasiƙar da ta fara da "I regret to inform you that", tun kafin a ƙarasa karanta maka ka san aikin bai samu ba. Wadda ta fara da "I am pleased to inform you" ita ce ta albishir. Ita kuwa "I am directed to inform you", wadda ma'aikatan Gwamnati suka saba da ita, ma'anarta an umurce ni in sanar da kai. Mai sa hannun ɗan aike ne, saboda haka kada ka ɓata ƙafarka wajen roƙonsa, nemi wanda ya ba da umurnin.

"I hope" da "I wish" ma ba ɗaya ba ne. In likita ya ce "I hope he will recover", akwai sauran sa rai. In ya ce "I wish I could help", ya gaya maka ke nan ba abin da zai iya, sai ka nemi wata hanya tun da wuri. Amma a takarda "I wish to state" ba ta nufin kome sai ina so in bayyana. Har wa yau, in maigidanka a wurin aiki ya ce "I suggest that you come early", sunanta shawara, amma umurni ne aka sa wa riga.

FAƊA DA CIKAWA A LOKACI ƊAYA

Mafi haɗari su ne kalmomin da faɗinsu shi ne aikata su. Ɗan kasuwa ya san wannan sarai. Da zarar mai saniya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, ba labari ya ba da ba. Haka waliyyi in ya ce "na bayar", wakilin ango ya ce "na karɓa". Wani shehun malami na Jami'ar Oxford a Ingila, J. L. Austin, ya yi laccoci a kan irin waɗannan kalmomi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1955, aka buga su littafi a 1962 bayan rasuwarsa.

A Turanci su ne irin su "I promise", na yi alkawari, da "I agree", na yarda, da "I admit", na amsa, da "I swear", na rantse, da "I undertake", na ɗauki nauyi. Sau da yawa za ka ga an soka "hereby" a tsakiya, watau da wannan takarda na aikata. Wanda ya je belin ɗan'uwansa ya sa hannu a ƙarƙashin "I undertake to produce him", to, ya ɗaura wa kansa igiya ke nan, in wancan ya gudu shi za a nema. Dubi kuma nisan da ke tsakanin "I will try to pay" da "I promise to pay". Na farko ƙoƙari ne, na biyu bashi ne a wuya.

Turawa da kansu ba sa wasa da wannan. A Janairun 2009, wajen rantsar da Shugaba Barack Obama na Amurka, Babban Joji John Roberts ya sāɓa wurin kalma ɗaya a cikin rantsuwar, kashegari sai da aka sake ta daga farko.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar ƙasarmu ta san bambancin gani da ji. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 115, ta ce mai takardar rantsuwa sai ya faɗi abin da shi kansa ya sani, ko abin da aka gaya masa ya kuma gaskata. In gaya masa aka yi, dole ya ambaci wanda ya gaya masa, da lokaci, da wuri. Dokar Tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, sashe na 17, ta ce in wanda ake tuhuma ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta jawabinsa ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu, shi ma tafintan ya sa sunansa. Tsarin Mulki na 1999 kuma, sashe na 36, ya ba wanda ake yi wa shari'ar laifi haƙƙin samun tafinta a kotu ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an miƙo maka takarda, kada kunya ko gaggawa su sa ka dangwala. Ka ce a karanta maka, a kuma fassara maka da Hausa. In ba ka yarda da tafintan ba, nemi a kira wani daga wajen Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwarku. Ka kasa kunne ga kowace kalma da ta bi "I". In tsammani kake yi, ka tsaya sai an rubuta "I think". In ji ka yi, sai an rubuta "I heard". Yaranmu da ke makaranta su ma a sa su su riƙa duba wa iyayensu takardu kafin a sa hannu.

Da muka zo rabuwa dattijon nan ya ce mini abin da ya fi ci masa rai ba kunyar da ya sha a kotu ba ce, wata huɗun nan ne na ɗan mutane. Allah ya kiyashe mu da ɗaukar alhaki, ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, amin.