Bayani A Kan Tawada Mai Launin Ɗawisu

Wannan bayani ne zuwa ga malamai ma'abota alƙalami da attajirai masu littafin lissafi, game da wata tawada ta ƙasar Japan da ake kira Ku-jaku. Ma'anar sunan da harshen mutanen can shi ne ɗawisu. Kamfanin Pilot ne ke yin ta, wanda aka kafa a 1918, tana kuwa cikin jerin tawadoji da ya fara fitarwa a 2007 ya sa musu suna Iroshizuku, watau ɗigon launi. Ana zuba ta a kwalba mai cin mililita 50, a ƙasan kwalbar kuma an yi ɗan gurbi inda sauran tawada ke taruwa, domin bakin alƙalami ya same ta ko da ta kusa ƙarewa. Ba Japanawa ne suka fara ba tawada sunan wannan tsuntsu ba. Kamfanin Sheaffer na Amurka, wanda ya fito da tawadarsa Skrip a 1922, ya daɗe yana sayar da wata mai suna Peacock Blue, shuɗin ɗawisu ke nan, kafin daga baya ya bar sunan.

Launinta yana tsakanin shuɗi da kore. Wanda ya ajiye ta kusa da baban marina zai ce koriya ce, wanda kuma ya ajiye ta kusa da ɗanyen ganye zai rantse shuɗiya ce. Tana da duhu gwargwado, ba ta kashe ido, ana iya karanta shafi guda da ita ba a gaji ba. Siririn bakin alƙalami yakan fito da ita da duhu, mai faɗi kuwa shi ke bayyana asirinta, don a harafi ɗaya sai a ga inda alƙalami ya fara ya yi haske, inda ya tsaya kuwa tawada ta taru ta yi duhu. A kan takarda mai santsi wadda ba ta shan ruwa, idan an zuba ta da yawa, gefen harafi yakan yi wani ja-ja mai sheƙi bayan ta bushe. Dalili shi ne rinin bai nutse cikin takardar ba, ya daskare a kanta, haske yana bugunsa yana komowa da wani launi.

Irin wannan launi ba baƙo ba ne ga mai rubuta Alƙur'ani a ƙasar Hausa da Barno. Tun dā baƙi ne na haruffa, ja na wasali, rawaya na hamza, kore kuma na alamar wasali a kan alifi. Sai dai a tsofaffin littattafai na ƙasashe da dama, koren da aka haɗa da tsatsar tagulla ya ci takarda har ya huda ta. Ita wannan ta zamani rini ce narkakke cikin ruwa, ba ta cin takarda. Aibinta yana wani wuri dabam, za a zo kansa.

Kafin a yi hukunci a kan gudunta, wajibi ne a san yadda alƙalamin da aka yi ta dominsa yake aiki. Alƙalamin kara tsoma shi ake yi cikin kurtu. Shi kuwa wannan na ƙarfe tawadarsa tana cikin cikinsa, tana biyo wata siririyar hanya kamar gashi zuwa tsagar baki, iska kuma tana shiga ta maye gurbin abin da ya fita. Lewis Waterman na Amurka ya sami shaidar mallakar irin wannan dabara a 1884. Saboda ƙanƙantar hanyar nan, ba abin da ke wucewa sai tawada mai ruwa-ruwa wadda babu gari a cikinta. Wanda ya ɗura masa tawadar gawayi da ƙaro ya kashe alƙalaminsa da hannunsa, gama ƙaro zai bushe ya toshe hanyar. Haka kuma idan an tsoma alƙalamin kara cikin Ku-jaku, sau da yawa sai ta zubo gaba ɗaya a harafin farko, don ba ta da kaurin da zai riƙe ta.

A cikin alƙalamin da ya dace da ita kuwa, gudunta yana da daɗi ƙwarai. Tana sauka da yalwa, baki yana sulɓi a kan takarda, ba sai an danna ba. Amma yalwar nan tana da farashi. A kan takarda mai arha irin ta littafin 'yan makaranta takan yi jijiyoyi a gefen harafi, ta kuma ɓullo ta bayan shafi, har ɗigon ba da na nun su kumbura su nemi haɗewa da jikin harafi. A kan takarda mai kyau ba ta yin haka, sai dai takan jima ba ta bushe ba. Mai rubutun Arabiyya da ajami ya fi kowa bukatar kula da wannan, domin daga dama yake tafiya zuwa hagu, hannunsa na dama kuwa yana biye da abin da ya rubuta yanzu. Sai ya riƙe hannu a ƙarƙashin layi, ya kuma ajiye takardar shan tawada kusa. Zafin rana yana kumbura iskar da ke cikin alƙalami ta turo tawada waje, saboda haka a aljihu baki sama ake sa shi. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe shi da zarar an dakata, don kada baki ya bushe.

To, ga aibin da aka ambata. Wannan tawada ba ta jure ruwa. Ɗigo kaɗan ya ishe ta ta narke ta bazu, abin da zai saura sai inuwa, wani lokaci ma ba ya karantuwa. Rana kuma tana kashe irin wannan rini a hankali idan takarda ta daɗe a fili. Tawadar magabata ta bagaruwa da kashin maƙera ba haka take ba. Ruwan bagaruwa yana haɗuwa da ƙarfe, iska ta buge shi ya ƙara baƙi, ya kama jikin takarda ya zauna. Shi ya sa har yau ake karanta littattafan da aka rubuta a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817.

Saboda haka attajirin da ya rubuta bashin buhu ɗari da tawadar ɗawisu, sa'an nan damina ta sami littafinsa ta yoyon ɗaki, ya shiga uku, gama ranar da aka tsaya gaban alƙali takarda ce za ta yi magana, ita kuwa ta zama bebiya. Haka takardar gado, da ta cinikin gida ko gona, da wasiyya, da ijazar da malami ke ba almajirinsa. Duk abin da ake so ya kai ga jikoki, kada a ba wannan tawada amanarsa. Mai son rubuta irin waɗannan da alƙalamin ƙarfe ya nemi wadda aka yi domin daɗewa, kamar Pelikan 4001 Blue-Black ta Jamus, wadda ke da sinadarin ƙarfe irin na tawadar bagaruwa, ko Platinum Carbon Black ta Japan, wadda aka yi da garin baƙi mai laushin da zai iya bin hanyar alƙalami. Sharaɗinsu shi ne a riƙa wanke alƙalami da ruwa a kai a kai, kuma kada a gauraya tawada biyu a ciki ɗaya.

Akwai gargaɗi na musamman ga malaman allo. Cikin tawadar kwalba akan zuba magungunan hana ruɓewa da na sa gudu, ba a kuwa yi su domin ciki ba. Kada saurin wankuwarta ya ruɗi wani ya rubuta allo da ita ya wanke ya ba mutum ya sha, balle yaro ko mai juna biyu. Allo yana da tawadarsa, a bar shi da ita.

Inda ta dace kuwa ba kaɗan ba ne. Tana kyau ga wasiƙa zuwa ga aboki, da ɗan sharhi a gefen littafin bugu don ya bambanta da baƙin matani, da gyaran rubutun almajiri, da alamar kan babi a littafin da ke zaune cikin gafaka. Mai saye ya gwada ta tukuna a kan takardar da zai yi aiki da ita, ya bar ta ta kwana, ya ɗiga mata ruwa, ya ga abin da zai saura. Abin da idonsa ya gani a nan shi zai gaya masa irin amanar da zai ba ta.