Haihuwar Hunturu: Ki Kare Jaririnki Daga Sanyi

Daga ƙarshen watan Nuwamba iska takan juya. Hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, masu albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo su riƙa fita ban-ruwa da hula da rigar sanyi. A Disamba da Janairu, sanyin asuba a ƙasar Sakkwato yakan sauko zuwa digiri 15, wani lokaci har ƙasa da haka, kuma garuruwan bakin gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, su kan ji shi sosai. Idan cikinki ya tsufa kuma haihuwarki za ta faɗo a waɗannan watanni, wannan bayani naki ne, ke da maigida da wadda za ta zauna miki jego.

Mutane da yawa suna ɗauka sanyin da ke kashe jarirai sai a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Ai mu nan ƙasar zafi ce, in ji su. To, jariri bai san da wannan ba. Ya fito ne daga ciki mai ɗumin digiri 37, jikinsa sharkaf da ruwa, kansa babba, kitsensa kaɗan, ga shi ba ya iya makyarkyata kamar babba don ya ɗumama kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin haihuwa ya kamata ya kai digiri 25 aƙalla. Ki kwatanta wannan da ɗakin da ƙofarsa labule ce kawai, da ƙarfe huɗu na asuba. Idan ba a goge jariri an rufe shi ba, ɗumin jikinsa na iya raguwa da digiri 2 zuwa 4 cikin minti 10 zuwa 20 na farko. Daga nan sai jikinsa ya shiga ƙona sukarin da ke jininsa don neman ɗumi, ya kasa tsotso, numfashi ya rikice. Bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba su ne suka fi shiga haɗari.

Maganin ba na saye ba ne. Tun kafin naƙuda ki wanke zannuwa uku ko huɗu ki ajiye su a bushe, da hular jariri da safa. Da zarar ya faɗo, a goge shi tas da zane ɗaya, har kai, a jefar da jiƙaƙƙen gefe. Sai a kwantar da shi a ƙirjinki, fatarsa na taɓa fatarki, a sa masa hula, a lulluɓe ku tare da busasshen zane. Ki ba shi nono cikin awa ta farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar shi ne abincinsa na fari, yana ba shi ƙarfin riƙe ɗumi da kariya daga cututtuka.

Inda aka fi kai ruwa rana da kakanni shi ne wanka. An saba ana yanke cibiya a ɗora ruwa, a cuɗe jariri da sabulu don kada ya yi wari in ya girma. Wari ba daga nan yake zuwa ba. Farin maiƙon da ke jikinsa kariya ne ga fatarsa, kuma da kansa yake ɓacewa. A jinkirta wankan farko har awa 24. Bayan haka ma a daina wankan asuba da na bayan magariba a wannan lokaci. A bari sai hantsi ya dubi ludayi, a cikin ɗaki, da ruwa mai ɗumi, a gama da sauri. Gwaggo ko Inna da za ta yi wankan, a gaya mata tun yanzu, cikin ladabi, ba sai ranar ba. Maigida, wannan magana ta fi sauƙi daga bakinka.

Idan jaririn ƙarami ne, ki goya shi a gaba. Yana sanye da hula da nafkin kawai, a tsaye tsakanin nonuwanki, fata da fata, a ɗaure da zane, ki ɗora riga mai faɗi a kai. Likitocin Bogota ta ƙasar Kolambiya suka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga ciki, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Ana so ya kai awa 8 a rana aƙalla. In kin gaji, uba ko kaka na iya karɓarki. Haka kuma za ki ɗauke shi ranar komawa gida daga asibiti, musamman in a kan kabu-kabu ne, domin iskar hanya ta fi ta gida yanka.

Sai maganar wuta. Kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. A ɗumama ɗaki da yamma, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Hayaƙin kara da itace kuma yana jawo wa jariri ciwon huhu.

Ke ma maijego ki kula da kanki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da gashin jiki da zafi mai tsanani. Ki yi wankanki da ruwan da hannu zai iya jurewa, ki rage kanwa. In ƙafafunki suka kumbura, ko numfashi ya gagare ki in kin kwanta, kada ki ce sanyi ne ya kama ki. Ki zo a duba zuciyarki.

Kowace safiya ki taɓa cikin jariri da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. In ƙafa ce kaɗai ta yi sanyi, ki manna shi a ƙirji, ki ba shi nono, ki sake dubawa bayan awa ɗaya. In har ciki ma ya yi sanyi, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, to a tafi asibiti mafi kusa a ranar, yana manne a ƙirjinki duk tsawon hanya. Tafiyar dare ba ta da sauƙi a yankinmu, don haka a shirya mota da kuɗin mai tun cikin wata na takwas.