Cek Mai Kwanan Wata Na Gaba Ba Kuɗi Ba Ne Tukuna

Ga kaka ta zo, masu sayen amfanin gona sun fara zagaya ƙauyuka. Waɗansu su biya kuɗi hannu, waɗansu su tura ta banki, waɗansu kuwa su fid da littafin cek su rubuta. Daga cikin masu rubuta cek ɗin nan akwai masu sa kwanan watan da bai zo ba. Ya kamata manomi ya san abin da ke hannunsa in an miƙa masa irin wannan takarda.

Cek dai umurni ne. Mai ajiya a banki ya kan rubuta wa bankinsa, ya ce a biya wane kuɗi kaza daga cikin ajiyarsa, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. To, in ya sa kwanan wata na gaba, watau ya ce kada a biya sai ran nan ta zo.

Ga misali. Manomi ya sayar da buhu 50 na masara ran 20 ga Nuwamba. Mai saye ya ba shi cek, amma ya rubuta 15 ga Janairu, ya ce kafin nan zai sayar da kayan a Dawanau ya zuba kuɗi. Dokar ƙasar nan ba ta hana haka ba. Mun gaji dokar cek daga ta Ingila ta 1882, ita kuwa ta ce kwanan wata na gaba ba ya ɓata takarda.

Amma fa in manomin ya kai cek ɗin banki cikin Disamba, akawu zai duba kwanan wata ya mayar masa, ya ce lokaci bai yi ba. Ba ƙeta ba ce. In banki ya biya tun ranar ba ta zo ba, ya saɓa umurnin mai ajiya, in kuwa rigima ta tashi, hasarar a kan banki za ta faɗa.

Daga Nuwamba zuwa Janairu abubuwa uku su na iya faruwa. Na fari, mai cek ya na da ikon ya sanar da banki ya ce kada a biya. Na biyu, in ya rasu, labari ya kai banki, an rufe biya ke nan, sai a bi magada. Na uku, ranar ta zo a tarar ba kuɗi cikin ajiyar. Banki ba ya keɓe wa kowa kuɗi don ya na riƙe da cek. Wanda ya riga kai nasa a kan lokaci shi za a biya. Masara kuwa ta riga ta tafi. Ashe manomin bashi ya bayar, ko da ya ke shi a ganinsa ciniki ya ƙare.

Akwai dokar da ke tsaron mai karɓar cek. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka cewa wanda ya karɓi kaya ko bashi da cek, aka kai banki aka tarar ba isasshen kuɗi, ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Sai dai da sharaɗi: a kai cek ɗin banki cikin wata 3 daga kwanan watan da ke jikinsa. Cek na 15 ga Janairu, kada ya wuce 15 ga Afrilu a aljihu. In kuwa ya kai wata 6, bankunan Nijeriya ba su biyansa sam, sai mai shi ya sāke rubuta wani. Kuma tun 2010 Babban Banki ya hana cek guda ya wuce naira miliyan 10.

Fataken da ke hulɗa da Maraɗi da Damagaram su lura, dokar can dabam ce. A Nijar, da sauran ƙasashen da ke kashe sefa a Afirka ta Yamma, ran da aka kai cek banki ran nan a ke biya, ko da kwanan watan da ke jiki bai zo ba. Haka abin ya ke a Faransa. Saboda haka wanda ya rubuta cek a bankin can, ya na tsammani ya na da sauran wata biyu, ya na iya wayar gari ya ga an kwashe ajiyarsa.

To, mene ne abin yi? Mai karɓa ya karanta kwanan wata tun mai saye bai ɗora kaya a mota ba. In bai iya karatu ba, ya nemi wanda ya amince da shi ya duba masa. Ya tabbata sunansa daidai ne, kuɗin da aka rubuta da kalmomi ya dace da na lamba, ba kuma kankara ko gyara. In kwanan wata na gaba ne, ya tambayi kansa, shin zai iya ba mutumin nan bashi ba tare da cek ba? In ba zai iya ba, a bar kaya a rumbu, ko a biya wani kashi hannu, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Ranar na cika, ya kai banki ba jinkiri.

Mai rubutawa kuma, ko mai sayen hatsi ne ko manomin da ya karɓi taki bashi sai kaka, ya rubuta ranar a littafinsa, ya zuba kuɗi tun da sauran kwanaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cek ɗaya da ya dawo ya isa ya zubar da mutuncin da aka yi shekaru a na tarawa a kasuwa.